Shafi Goma Sha Ɗaya da Gara Ta Ci

A Aboabo, bayan shagon gyaran agogo,
Kawu Gariba na da akwatin ƙarfe uku
da kanta guda wadda nauyi ya sa ta ruku'u.
Ba kuɗi a ciki, ba takardar fili.
Littattafai ne masu bango kamar kwalin sabulu,
ɗari huɗu da sittin da 'yan kai,
gwargwadon wanda ya ara ya yi kwana.

Na kaboyi a ƙasa, su suka fi jure laima:
mutum da malafa, doki, gari mai titi ɗaya.
Na kisan gilla a tsakiya.
Na dodanni da takubba can sama,
masu taswirar ƙasar da babu torotoron da ke zuwa.

Ran Asabar yakan ja ƙofa da hantsi,
mu gangara Adum wajen Agyei mai shimfiɗa a bakin titi.
Kawu ba ya fara duba suna.
Sai ya shinshina, ya kaɗa ko kyankyaso zai faɗo,
ya leƙa lambar shafin ƙarshe da ido ɗaya
kamar mai leƙen tukunyar maƙwabta.
Sannan ciniki:
Agyei da Hausar kasuwa, Kawu da gurguwar Tonanci,
har sidi biyu ya koma ɗaya da alkawarin sabon batir.

Shekarar da yana ta rufe masa ido
ni na zama tabaransa.
Bayan lisha, shayi na hucewa a kan benci,
ina tuntuɓe da Turanci, yana ɗaga ni.

Wani dare muka ɗauko mai jan bango.
An tsinci attajiri a ɗakin da aka kulle ta ciki,
mutum bakwai, kowa da abin da yake ɓoyo.
Mai bincike ya tara su a falo,
ya gyara murya, ya ɗaga yatsa,
na juya shafi,
sai ƙasa ta zubo mini a cinya.
Gara ta riga mu jin labari.
Shafi goma sha ɗaya, ta bar mana zare.

Ban tsaya ba.
Na ci gaba da juya iska, ina lasar yatsa,
na ɗora wa likita laifin,
na ba shi bashi da tsohuwar gaba,
na sa agogon bango ya tona masa asiri,
don a duk duniyar nan ta Turawa
agogo kaɗai na san cikinsa.
Kawu ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Madalla. Kashe fitila."

Shekara tara da yi masa sutura
na ci karo da ɗan'uwan littafin a Kejetia,
ƙarƙashin tulin littattafan lissafi, lafiya lau, ba ko yaga.
A tsaye na karanta, masu dako na bangaza ta.
Ashe ba likita ba ne.
Ƙanwar matar ce, da guba a man shafawa.
Agogon ma ba a sake ambatonsa ba.

Da na koma gida na buɗe rajistar Kawu,
wadda yake cikewa da jan biro tun idonsa na gani.
Lamba ta ɗari biyu da sha biyu:
"Jan bango. Wajen Agyei. Na karanta sau uku."

Yanzu kantar tana ɗakina, na sa mata tubali.
Su biyun suna jingine da juna,
mai ƙoshi da mai rami.
Yaran layinmu kan zo aro ran Juma'a,
su tsaya a ƙofa suna sosa ƙeya.
Mai ramin nake miƙa musu,
in ce, "In ka gama, ka zo ka gaya mini wa ya yi."