Ƙullin Bahago

Ɗakin aikinmu na ƙasa da titi a Valparaíso,
inda gishirin teku ke cin ƙarfen taga.
Akwati goma sha tara aka sauke mana
daga gidan wani mai hoto da ya rasu ba magaji,
kowanne maƙil da fallayen gilashi,
baƙi ya koma fari a jikinsu, fari ya koma baƙi,
sai ka ce duniya ta sa rigarta a baibai.

Nawa aikin in sa safar hannu,
in hure ƙura da ɗan famfon roba,
in kwantar da gilashi kan haske,
in jira na'ura ta lashe shi layi-layi.
Minti huɗu kowanne.
Clorinda na teburin gefe tana cike gurabe,
shekara, wuri, suna.
Gurbin suna ne ke zama fayau.
"Masunci, ba a san shi ba."
Ta buga haka fiye da sau ɗari uku
har yatsunta suka haddace.

Na ɗari huɗu da sha biyu ya zo da tsaga,
ta keta fuskar mutumin daga goshi zuwa haɓa.
Manhaja ta ce za ta ɗinke.
Ta ɗinke ɗin, ta ba shi fuskar da ba ta kowa ba.
Muka mayar masa da tsagarsa.

Da damina ta kama muka kafa allo a zauren sama,
irin wanda ake taɓawa da yatsa.
Yara suka yi ta neman karnuka a cikin hotuna.
Ran wata Alhamis sai ga Herminia Oyarzún,
shekara tamanin da bakwai, da sanda, da jika,
ta sauko daga tudu a keken ƙarfen nan mai kuka.
Jikan ya nuna mata: ware yatsu biyu, abu ya matso.
Ta ware. Ta sake warewa.
Ko kallon fuskar ba ta yi ba,
ta gangara ta hannun riga, ta wuce gwiwa,
ta tsaya kan ragar da ke cinyarsa
har zare ɗaya ya kai kaurin igiyar jirgi.

"Wannan ƙullin bahago ne.
Mutum ɗaya ke yin sa a duk gaɓar nan,
Nemesio, ƙanin uwata.
Ruwa ya ci shi tun ina famfarar haƙori."

Clorinda ta duba gurabenta.
Akwai na takarda, akwai na hatimi,
babu gurbin ƙulli.
Ta ce, a hankali, ana buƙatar shaida.
Tsohuwa ta harare ta,
ta fizgo wayar cajin da ke reto a bango,
ta juya ta hagu, ta zura, ta ja da haƙorin da ya rage,
ta dangwarar kan tebur.
Muka kai shi kusa da allo. Kamar an tsaga kara.

Mun ɗauki muryarta, minti goma sha ɗaya,
da tari, da sunayen jirage, da zagin wani ɗan kasuwa.
Mun ɗauki hoton wayar ma, mun ba ta lamba.

Daren nan ban tafi gida ba.
Na bi hotuna ɗaya-ɗaya, na bar fuskoki, ina bin raga.
Bakwai na samu masu ƙullinsa,
uku a hannun wasu mutane,
watau yana ba da aro, ko yana gyara wa maƙwabta.

Yanzu Nemesio na ajiye a rumbu uku,
ɗaya nan, ɗaya Santiago, ɗaya can ƙetaren teku.
Wayar cajin kuwa ta gajarce, ba ta kaiwa soket.
Clorinda tsugunawa take ta yi caji a ƙasa,
ta hana kowa kwancewa.