Ramukan Allura

A Killeen ta jihar Texas, bayan gidan mai,
akwai shagon tsoho Orval Tackett.
Kakin soja rataye layi-layi
kamar sahun da limaminsa ya yi tafiya.
Ni ne telansa, Talata da Laraba.
Kekena na nan jikin taga.

Shi Orval da takarda yake hira.
Ya juya riga, ya leƙa ƙeyarta,
ya ɗora gilashi kan ɗan farin ƙyalle
ya karanto lambar kwangila:
"Tamanin da uku. Wannan ba ta ga yaƙi ba,
ranar atisaye kawai ta sha."
Mai launi shida, mai ɗigon baƙi da fari,
su biskit mai cakulan suke gani,
ni kuwa zabuwa na gani tun ran farko,
zabuwar da ta laɓe a fako.
Mai launi uku ƙanwarta ce,
kamar shayi ya zube a kan buhu.

Ran nan aka kawo wata cikin leda
daga gwanjon kayan wani mamaci a Lampasas.
Wanki ya cinye rubutun ƙeya,
ba lamba, ba shekara, suna kuma an farke.
Orval ya ja tsaki, ya turo mini:
"Ilu, bebiya ce. Gwada ko za ta kula ka."

Na kai ta taga.
Ko tufa ta manta, ramin allura ba ya mantuwa.
A ƙirji, inda suna ya zauna,
yadi bai koɗe ba,
inuwa ce doguwa, faɗin babban yatsa.
A kwala, ramuka sahu biyu:
an cire igiya biyu, an ɗora uku.
Ashe cikin rigar nan ya zama saje.

Bajen kafaɗa kuwa ba na masana'anta ba ne.
Zaren ya cika haske, baki ya karkace,
kan dokin ya fi kusa da na jaki.
Aikin wani tela ne a kasuwar ƙasa mai zafi,
ɗan ci-rani irina,
wanda aka miƙa wa samfuri aka ce gobe da safe.
Na ga inda zare ya tsinke masa ya ƙulla,
na ga inda barci ya fizge shi.

Orval ya zabura har kujera ta faɗi:
"Ɗinkin can ne! Casa'in, ko da ɗaya!"
Ya soke farashi, ya rubuta ninki uku.

Ban faɗa masa sauran ba.
Maɓallin hannu da zaren sakace aka ɗinke shi,
kuma bahago ne mai ɗinkin,
ya zaga sau tara inda huɗu ta isa.
Da na karkaɗe gindin aljihu
yashi ya zubo, cikin cokalin shayi bai kai ba,
laushi kamar garin tuwo da aka tankaɗe sau biyu.
Shekara talatin da 'yan kai yana kwance nan.
Na riƙe shi a tafi, na tuna Tanut
da yadda kakata ke busa bakin ƙwarya kafin ta sha.

Da yamma Orval ya kawo gwangwanin alewa
cike da sunayen da ya tara,
Ruiz, Haldane, Okafor, Birdsong,
kowanne ya rabu da ƙirjin mai shi.
"Zaɓi wanda ya yi daidai da inuwar nan,
masu saye ba sa son riga ba suna."

Na gwada uku. Haldane ya zauna cif.
Na cire shi na mayar gwangwani,
na ce zare mai launin nan ya ƙare mini,
sai an sake odo.

Talata huɗu ke nan yana tambaya.
Tana nan rataye, ta biyu daga ƙofa.
Yashin kuma na mayar aljihu,
na bi bakin da ɗinki biyu.