Abin da Magagari Bai Ci Ba

Kwana tara da binne Baba
na buɗe akwatin da ke ƙarƙashin matakala
a gidanmu na gindin tsaunukan Kentucky,
inda baƙin kwal ya riga ni zama a kan tagogi.
Bindiga biyu cikin tsohon bargo:
doguwa, ta farautar kakana,
da gajeriya, mai nauyi kamar maganar da aka haɗiye.

Na kai su shagon Orval Sizemore,
mai gyaran bindiga, mai yatsu tara.
Ya juya doguwar a ƙarƙashin fitila,
ya shinshina bakinta, ya yi murmushi.
"Wannan ba ta da lamba, kuma ba ta da laifi.
Ta girmi dokar.
An ƙera ta zamanin da ba a raɗa wa kowane ƙarfe suna.
Rataye ta a bango, ki yi barcinki."

Sai ya ɗauki gajeriyar.
Babban yatsansa ya bi gefenta, ya tsaya cak
a wani wuri mai sulɓi
inda magagari ya ci ya ƙoshi.
Ya ajiye ta kamar garwashi,
ya goge hannu a wando, har sau biyu.
"Rashin suna daban, kankare suna daban.
Wannan da lambarta aka haife ta.
Hukuma ba sai ta san wanda ya kankare ba,
hannun da ta tarar a kai ya ishe ta.
Yanzu kin sani, Delma, kuma sanin ne kayan.
Nemi lauya kafin rana ta faɗi."

Na tuƙa mota zuwa gida a hankali,
ina tsayawa ko'ina aka ce a tsaya,
ni da ban taɓa harbin ko gwangwani ba,
shekara ashirin da shida ina koya wa yara lissafi,
ga gadon laifi a bayan kujera
yana ƙwanƙwasa ƙarfen mota a kowace kwana.

Lauya ta yi waya, 'yan sanda suka karɓa,
aka ba ni takarda, na sa hannu a wuri uku.
Wani ɗan sanda mai yawan magana ya gaya mini
yadda za a yi da ita a birni:
za a goge wurin ya yi ƙyalli,
a ɗiga masa ruwa mai cin ƙarfe, a jira.
Wai dukan da ya buga lambar tun farko
ya nutsa ƙasa da inda ido ke kaiwa.
Fata kawai magagari ke ɗauka.

Baba, ka san da haka?
Daren da ka zauna a rumfa kana gurzawa,
in kai ne ka gurza,
ka ɗauka ƙarfe irinmu ne,
mu da muka iya yin shiru har mu manta?

Wata biyu, waya ta yi ƙara.
Lambobi shida sun taso, na bakwai ya ƙi,
amma shidan sun isa su nuna ƙofa.
Ta Hobart Combs ce, maƙwabcinmu,
an sace ta daga motarsa
a hunturun da aka rufe mahaƙa, aka sallami kowa,
hunturun da muka ci nama ban tambayi daga ina ba.

Hobart ya daɗe a ƙasa.
Matarsa Verna ce ta kawo mana wake ranar jana'iza,
ta riƙe fuskata da tafin hannu biyu
ta ce ubana bai taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Tukunyarta na nan a kan teburina, na wanke ta tas.
A gindinta ta manna 'yar takarda da sunanta
don kada ta ɓata a gidan mutane.
Taku arba'in ne tsakanin ƙofata da tata.
Tun safe nake sanye da takalmi.