Tamanin da Bakwai

A Marwa, unguwar Domayo, a inuwar dalbejiya,
na buɗe kwamfutar da Yaya Dalailu ya bari.
Manhajar lissafi nake so in sa mata,
don buhunan albasa sun fi ƙarfin littafina,
bashin 'yan Kusuri ya cika shafi har ya zuba gefe.

Na latsa. Koren layi ya miƙe ya kama hanya
kamar ruwan fari a yashin Kaliyawo:
goma, talatin, sittin, ina ta gyara zama,
tamanin da bakwai,
sai ya toge.
Wani akwati ya leƙo da jan ido,
cikin Faransanci mai ladabi ya ce da ni: an kasa.

Na goge, na sake saukewa.
Jaka biyu ta data ta bi iska.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse,
ba a dai faɗi kuɗin gawayin ba.

Sali mai gyara ya ce cikinta ne ya cika.
Na share finafinai, na share tsofaffin rasit,
da na iso kan hotunan Yaya sai hannuna ya ƙi.
Tamanin da bakwai.

Bappa direba ya ce maigadinta ne mai tsanani,
mai korar ƙwayar cuta, har baƙon kirki yake kora.
Na sallami maigadi, na bar ƙofa wangale.
Tamanin da bakwai.

Aka ce sai na shiga da ikon mai gida.
Mai gida yana kwance bayan gari damina uku,
amma na san kansa:
na rubuta sunan Innarmu, kulle ya buɗe.
Na daɗe ban taɓa komai ba.
Daren nan wuta ta ɗauke a tamanin da shida,
na ce ko ba komai an sami sauyi.

Kwana tara. Lambar kuskuren na haddace ta,
sifili, gicciye, takwas, har cikin barci.
Na rarrasa, na zaga, na hura mata iska,
na ɗora ta kan bakin randa ko za ta huce.

Ran na goma Asta, 'yar Yaya, ta kawo shayi,
ta tsaya bayana tana kallo ba a tambaye ta ba.
Ta ce, "Baba ƙarami, agogon nan ƙarya yake yi."
Ta nuna kusurwar ƙasa da ɗan yatsa,
inda idona bai taɓa sauka ba.

Ashe duk aka kashe ta, sai ta koma shekarar haihuwarta.
A can take zaune:
Yaya bai yi aure ba, ba a haifi Asta ba,
Inna na da sauran haƙoranta.
Manhaja ta zo da takardar shaida daga gobe,
ita kuwa ta ce ba ta saukar baƙon da ba a haifa ba.
Wa zai ga laifinta?
Ni ma da an bar mini zaɓi, can zan kwana.

Sali ya kwance bayanta ya zaro batir,
ɗan mitsitsi, bai fi dala ba,
ya sa sabo, ya karɓi ɗari biyar yana dariya.
Saura kwanan wata. Wannan ni ne zan rubuta.
Rana ta shiga, wata ya shiga,
a kan shekara yatsana ya yi nauyi.
Asta ta ce, "Ka latsa mana."

Koren layi ya zo tamanin da bakwai,
bai ko waiwaya ba.
Ɗari.

Ta yi tafi, ta kwashi kofuna ta wuce.
Na shigar da albasa buhu goma sha huɗu,
da sunan wanda ya ci bashi, da ranar yau.
Tsohon batirin yana aljihun rigata.
Jiya na kusa biyan mai goro da shi.