Takalman Muzammil

Laraba ce ranarmu, ƙarfe huɗu,
a wani gidan jan bulo a Bradford,
inda rana ke sallama tun la'asar ba ta gyara zama ba.
Matar da ke riƙonsa ta tare ni a ƙofa,
ta rage murya: "Har yau da takalmi yake kwana."

Shekararsa goma sha ɗaya, in ji takarda.
Takarda ta san Kassala, ta san Libiya,
ta san kwalekwalen roba da adadin waɗanda suka shiga.
Ba ta san wanda ya ɗaure igiyar takalman nan ba,
ƙulli biyu, tamau.

Na gaishe shi da Turanci, ya dubi bango.
Na gwada Larabcin islamiyya, ya dubi rufi.
Jakata ta suɓuce, fayil ya watse,
na ce, "Kash, yau na ga ta kaina!"
Sai ya juyo.
Ashe kakarsa 'yar Mai Wurno ce,
da Hausa take masa faɗa, da Hausa take miƙa masa ƙanzo.

Ban tambaye shi teku ba.
Ƙofar da yaro ya rufe da hannunsa
zama ake yi a gindinta, ba a sa mata kafaɗa.
Muka ƙirga tashoshin bas daga gida zuwa makaranta: bakwai.
Muka rubuta adireshi a kati, ya cusa a safa.
Burodin da yake ɓoyewa ƙarƙashin matashi
muka sama masa gwangwani a kicin, da sunansa a jiki,
kullum a cike, ba mai taɓawa.

Daren wasan wuta na Nuwamba sama ta yi ta fashewa.
Ya fita ta taga.
Ƙarfe biyu aka same shi a bayan shagon wanki,
ya toshe kunnuwa, yana kiran wani Haisam.
Na rubuta "koma baya" a fayil.
A mota na soke.
Yaron da harbi ya koya wa gudu ya gudu,
ina laifin ƙafa?

Cikin Fabrairu barci ya ɗauke shi a bas,
ya farka a unguwar da bai sani ba.
Ya shiga kantin wani Bapakistane,
ya zaro kati daga safa, ya haɗa Turancinsa guntu-guntu,
ya dawo da ƙafarsa, har da alewa.
Sau huɗu ya ba ni labarin,
kowane karo tafiyar na ƙara nisa.

Larabar jiya na tarar da su a bakin ƙofa,
a jere, bakinsu a buɗe, dunduniya ta cinye.
Yana zaune a kan kafet, yatsunsa fari fat kamar rogo.
"Yayana ne ya ɗaure," ya ce.
"Ya ce kar in cire sai mun iso."
Ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin gilashi.
"Anti Tasalla, mun iso?"

Takardar zamansa tana wani ofis, ba a sa hannu ba.
Ni kuwa na yi alkawari ba zan masa ƙarya ba.
Na ɗaga takalmi ɗaya, na gwada da tafin ƙafarsa.
Na ce, "Ka fi ƙarfinsu.
Asabar za mu kasuwa,
kai za ka zaɓa, kai za ka ɗaure."