Kujera Dubu Biyu

Kujera dubu biyu aka ce in kawo Filin Polo.
Dubu da ɗari takwas gare ni, sauran na aro
wurin Ɗanlami na Ƙofar Ƙaura.
Tun asuba muke jerawa, ni da yarana uku,
farare a gaba don manya,
masu tsagaggen baya can ƙurya, inda kyamara ba ta kaiwa.

Yau kwana arba'in da motarsa ta ƙwace
tsakanin Charanchi da Kankiya.
A allon da suka kafa an rubuta Sarkin Amo,
hoton ya fi ɗakin da aka haife shi tsawo.
Ni dai Sagiru na sani,
ɗan Yammawa mai faso a diddige,
wanda ya shekara biyu yana ɗaukar mani kujeru a ka,
goma-goma, yana rera abin da ba mai saurare.

Manya sun zo da jiniya.
Wani ya ce an yi rashin da ba a mayarwa,
sannan ya leƙa takarda don ya tuna sunan.
Malamin da bara ya ce waƙarsa guba ce a kunnen yara,
shi ya ɗaga hannu, ya ja addu'a,
muryarsa ta karye a tsakiya.
Ban san inda zan aje wannan ba. Na ce amin.

A bakin ƙofa ana sayar da fuskarsa a jikin riga,
dubu uku, in ka taya a bar maka biyu da rabi.
Mai zoɓo ta ce tun da take ba ta yi ciniki kamar yau ba,
sai kunya ta kama ta, ta rufe baki da mayafi.

Baba Hajo ta sauka daga a-daidaita-sahu.
Ɗan sanda ya ce, ina katinki?
Ta ce, wane kati, ɗan nan?
Ni na gane ta, na riƙo hannunta,
amma fararen kujeru duk an hau,
sai na goge mata ɗaya cikin na Ɗanlami,
na sa dutse ƙarƙashin ƙafar da ta gurgunce.
Ta daɗe tana kallon ɗanta, ƙato, yana murmushi a sama.
Ta ce, sun cike masa wushiryar.
Ba ta ƙara cewa komai ba.

An ce ba kiɗa, ranar addu'a ce.
Dab da magariba wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi,
lasifikata ta yi gum.
Sai wata yarinya can baya ta ɗauko waƙarsa ta ruwan farko,
a hankali, kamar mai lallashin goyo.
Fili ya karɓa.
Ba ganga, ba fiyano:
'yan acaba, ɗalibai, mai zoɓo,
har dattijon da ke gefena da carbi,
leɓɓansa na motsi, ba zan rantse tasbihi yake ba.

Ni ban yi ba. Maƙogwarona ya ƙi.

Bayan isha'i muka tattara.
Bakwai sun ɓace, huɗu sun karye,
an bar mana takalmin yaro wari guda
da ledojin ruwa kamar an yi shuka.
Na buɗe littafi in rubuta asara,
iska ta juya ni shafin baya:
Sagiru, makirfo ɗaya, naira dubu huɗu, bashi.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Sau biyu yana kirana daga Legas,
Oga, ba aike zan yi ba, da ƙafata zan kawo.
Ni kuma na ƙi tuna masa,
don ina son a ce Sarkin Amo na riƙe da kuɗina.

Bashi nauyi ne a kan wanda ya kwanta dama.
Na lalubo biro, na ja layi, na faɗa da baki
don yarana su zama shaida: na yafe.

Gobe akwai biki a Ƙofar Marusa,
kujera ɗari uku, ƙarfe huɗu.
Na san waƙar wa za su sa.