Kiran Suna

Litinin, aji uku, na buɗe rajista.
Barira Ilu? Ga ni.
Hambali Tsoho? Ga ni, Malam.
Nafi'u Mati?

Shiru.
Sai akuya ta amsa daga ɓulin katanga,
ɓulin da muka kai wa ƙaramar hukuma takarda uku a kansa,
damina biyu ke nan, ko bulo ɗaya ba mu gani ba.

Na san inda yake. Duk ajin sun sani.
Jiya, da kasuwar Gujungu ta watse,
'yan sintiri suka tare shi a bakin kwalbati:
wayar wani ɗan acaɓa a aljihu,
wuƙar yankan rake a ƙugu,
ido ja kamar gauta.
Da igiyar guga aka ɗaure hannun
da ke goge mini allo kowace safiya.

Kofur Sha'aibu shi kaɗai ne a ofis,
ɗaki ɗaya, benci ɗaya, ƙauye bakwai a wuyansa,
ga babur, babu mai.
Sai da mai wayar ya sayi lita biyu
sannan doka ta tashi da kiki na huɗu.

Huwaila Garba?
Malam, innarta ta ce sai an yanke gero.
Ban tambayi dalili ba.
Geron bana ya fi mutum tsawo,
hanyar kuwa ta cikinsa ta ratsa,
ta gindin ɗorawar nan da samari ke zama
suna shaƙar tsumma, suna ƙirga masu wucewa.
'Yan matanmu biyar-biyar suke tafiya yanzu,
ba hira, ba waiwaye,
littafi a ƙirji kamar garkuwa.

A durowar hedimasta akwai wuƙa huɗu,
almakashi mai ƙafa ɗaya,
kwalbar maganin tari da ba tari ta warkar ba.
A aljihun yara muka tsince su, zangon nan kaɗai.
Alli kuwa, saura rabin kwali.

Mun yi taron iyaye ranar Alhamis.
Wani ya ce a girke ɗan sanda a ƙofa.
Wace ƙofa? in ji Baba Ɗangoje mai gadi,
mai shekara saba'in da gora ɗaya,
da tocilar da ke jiran batir
kamar yadda shi yake jiran albashin wata takwas.
Wani ya ce bulala ce ta yi ƙaranci.
Mai unguwa ya ce a yi addu'a, muka shafa.
Kowa ya zagi ƙadangare son ransa,
ba wanda ya kalli tsagar bangon.

Daren jiya na kai masa fura a kwanon sha.
Kofur ya buɗe, ya koma gefe,
shi ma da ɗa a aji biyu.
Yaron yana tsugune, leɓe a fashe,
ƙafa ɗaya ba takalmi.
Na zo da faɗa cike da baki,
na tanade shi tun daga gida.
Ya riga ni, kansa a ƙasa:
Malam, yaushe ne gwajin lissafi?

Na ce Laraba.
Ya ce to.

Wannan yaron yana raba dubu da bakwai a ka
kafin in juyo daga allo.
Ubansa ya tafi cirani, shekara ta uku.
Ni kuwa, da ya fara barci a aji,
tallabar ƙeyarsa na yi da mari, na wuce.

Yanzu ga biro a kan layinsa.
Rajista gida biyu ta sani: ya zo, bai zo ba.
Ba ta da gurbin ina yake,
ba ta da gurbin wa ya sake shi.
Na bar wurin fari.

Tasi'u Audu?
Ga ni, Malam.
Hannunsa na dama yana cikin aljihu.
Na daɗe ina kallon aljihun
kafin in kira suna na gaba.